Tsaya wa Baƙon da Ba Ka Taɓa Gani Ba

Duk wanda ya buɗe manhajar VS Code ya danna maɓallin saka wani ƙari, suna ɗaya yake gani a gabansa, wato sunan wanda ya wallafa ƙarin. Abin da ke sauka a cikin kwamfutarsa kuwa, galibi aikin mutane ne masu yawa waɗanda ba su san juna ba, wasunsu ma sun daɗe da barin aikin. Mai wallafawa ya tattaro rubuce-rubucensu, ya haɗa da nasa, ya buga sunansa a kai. Wannan tattarowa ita ce abin da nake so mu duba a yau, domin a ganina ita ce mafi nauyin alhaki a cikin aikin, kuma ita ce wadda aka fi yi da gaggawa.

VS Code manhajar rubutu ce da kamfanin Microsoft ya fitar a 2015. Masu rubuta umarnin kwamfuta, wanda ake kira kod, su suka fi amfani da ita, amma marubuta da masu fassara ma sun shigo. Ƙarfinta yana cikin ƙare-ƙaren da kowa zai iya rubutawa ya maƙala mata, kamar yadda ake ƙara ɗaki a jikin gida. Ina kula da ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙarami, wanda rubutunsa a buɗe yake ga duk mai son dubawa. Aikinsa shi ne ya sauƙaƙa rubuta haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da ƴ ga masu bin ƙa'idar rubutun Nijar, ya kuma ja layi a ƙarƙashin kalmar da aka manta wa lanƙwasarta. Masu amfani da shi yawanci ba injiniyoyi ba ne. Akwai masu fassara, akwai editoci, akwai ɗalibai masu rubuta kundin digiri.

Ana rubuta irin wannan ƙari da harshen JavaScript ko ɗan'uwansa TypeScript, kuma kusan ba wanda ke farawa daga tushe. Akwai wani babban rumbu a intanet mai suna npm, inda masu rubuta kod ke ajiye ƙunshin ayyukan da suka gama, kowa ya ɗauka kyauta. Kana bukatar abin da zai karanta rubutun Markdown? Wani ya riga ya rubuta. Sai ka buga umarni ɗaya, sunan ƙunshin ya shiga wani fayil mai suna package.json, wanda shi ne jerin kayan da aikinka ya dogara a kansu. Abin da ba a gani nan take shi ne, ƙunshin da ka ɗauka shi ma yana da nasa jerin, kuma kowane suna a cikin jerin nan yana da nasa. Ka gayyaci mutum biyar, kowanne ya zo da abokansa, abokan su ma suka zo da nasu. Aikin da jerinsa bai wuce layi goma ba yakan tara ɗaruruwan ƙunshi a cikin jakar da ake kira node_modules.

Da a ce ƙarin yana aiki ne a cikin wani shinge, da abin ya zo da sauƙi. Shafin intanet da ka buɗe a burauza ba ya iya karanta fayilolin kwamfutarka sai ka ba shi izini. Ƙarin VS Code kuwa yana da duk ikon da manhajar kanta take da shi: yana iya karanta fayil, ya rubuta, ya goge, ya aika saƙo ta intanet, ya tayar da wata manhaja. Kowane ƙunshi da na saka a ciki yana gadon wannan iko gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, manhajar tana sabunta ƙare-ƙare da kanta, sai fa idan mutum ya kashe wannan tsari. Ke nan abin da na wallafa da daddare zai iya wayar gari a kwamfutar mai fassarar da ke riƙe da takardun sirri na wata kotu ko wani asibiti, ba tare da ta danna komai ba.

A harkar fatauci, baƙon da ya sauka gari da kaya yana da maigidan da ke tsaya masa. Mai saye bai san baƙon ba, maigidan ya sani, kuma idan kaya suka fito da aibu wurinsa za a je. Matsayina ke nan a tsakanin masu amfani da ƙarin da marubutan ƙunshin da na ɗauko. Bambancin kawai shi ne maigida yana ganin fuskar baƙonsa, yana jin labarinsa daga wasu fatake, ni kuwa sau da yawa sunan laƙabi kawai nake da shi.

Lambobi uku da ɗan tsini

Kowane ƙunshi yana da lambar bugu mai kashi uku, misali 2.4.1. Ƙa'idar da aka amince da ita ta ce lambar ƙarshe tana ƙaruwa idan an gyara kuskure, ta tsakiya idan an ƙara wani abu ba tare da rushe tsohon aiki ba, ta farko kuma idan an yi sauyin da zai iya karya abin da aka gina a kai. Idan ka ɗauko ƙunshi, npm tana rubuta lambarsa da wata alama mai kama da tsinin hula a gabanta, ^2.4.1. Ma'anar alamar ita ce ka yarda da duk wani bugu da zai fito nan gaba muddin bai kai 3.0.0 ba. Wato ka amince tun yanzu da rubutun da ba a riga an rubuta ba, bisa alkawarin da babu mai tilasta wa kowa cika shi.

An ga ƙarshen wannan amincewa fiye da sau ɗaya. A watan Maris na 2016, wani marubucin kod mai suna Azer Koçulu ya samu saɓani da kamfanin Kik a kan sunan wani ƙunshi nasa. Da npm ta miƙa sunan ga kamfanin, sai ya janye dukkan ƙunshinsa sama da 250 daga rumbun. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, wanda aikinsa shi ne cike gurbi a gefen hagu na kalma. Manyan ayyuka irin su Babel sun dogara da shi ta hanyar wasu, don haka a cikin 'yan mintoci dubban ayyuka a faɗin duniya suka kasa haɗuwa. Sai da npm ta maido da shi da kanta, daga baya kuma ta tsaurara ƙa'idar janye ƙunshi. A watan Janairu na 2022 kuma, Marak Squires, mai kula da ƙunshin colors, ya fitar da sabon bugu da gangan wanda ke cika fuskar kwamfuta da shirme ba tsayawa. Lambar bugun ba ta fita daga cikin abin da tsinin hular ya halatta ba, saboda haka ya shige ayyukan mutane kai tsaye, har da wani kayan aiki na Amazon.

Maganin farko shi ne fayil ɗin kulle, package-lock.json, wanda npm ta fara samarwa a 2017. Shi wannan fayil yana rubuta ainihin bugun kowane ƙunshi da aka sauko da shi, na kusa da na nesa, tare da wata doguwar lamba da aka lissafo daga abin da ke cikinsa, ta yadda ko harafi ɗaya aka sauya za a gane. Ina ajiye shi tare da rubutun ƙarin, kuma a lokacin haɗa abin da za a wallafa ina amfani da umarnin npm ci, wanda ke goge tsohuwar jaka, ya sauko da daidai abin da ke cikin kullen, ya kuma tsaya cak idan kullen da jerin suka saɓa. Amfanin wannan shi ne abin da na gwada a kwamfutata shi ne abin da zai isa ga mutane, kuma wanda ya zo taimaka mini daga wata ƙasa zai samu irin ginin da na samu.

Abin da kulle ba ya iyawa

Fayil ɗin kulle rajista ce ta shawarar da aka riga aka yanke. Idan shawarar ba ta yi kyau ba, zai adana ta da aminci kamar yadda zai adana mai kyau. Labarin event-stream shi ya fi nuna wannan. Marubucinsa, Dominic Tarr, ya daina amfani da ƙunshin shekaru da dama, alhali ana sauke shi kusan sau miliyan 2 a kowane mako. A 2018 wani mai laƙabin right9ctrl ya nemi a ba shi kulawar ƙunshin, aka ba shi. Sabon mai kulawar bai saka mugun rubutu a cikin event-stream kansa ba. Ya ƙara masa wani sabon abin dogaro mai suna flatmap-stream a bugu na 3.3.6, kuma a can aka ɓoye umarnin da ke farkawa kawai idan ya tsinci kansa a cikin Copay, wata manhajar ajiyar kuɗin Bitcoin, domin ya saci makullan masu ajiya. An yi makonni kafin a gano shi a watan Nuwamba.

Abin ya shafi duniyar da nake aiki a cikinta kai tsaye. Kamfanin Microsoft ya binciki ƙare-ƙaren da ke kasuwar VS Code, ya samu waɗanda ke ɗauke da gurɓataccen ƙunshin, ya cire su daga kwamfutocin mutane. Marubutan waɗannan ƙare-ƙare ba su aikata wani mugun abu ba, kuma akwai yiwuwar da yawansu ba su taɓa jin sunan flatmap-stream ba sai ranar. Duk da haka sunayensu ne a jikin kayan da aka cire.

Saboda wannan, idan na sabunta wani ƙunshi ina karanta abin da ya sauya a cikin fayil ɗin kulle, ko da yake karatu ne mai gundura. Abin da nake nema shi ne sabon suna. Ƙunshin da ya shekara biyar yana dogara da abubuwa uku, yau ya zo da na huɗu wanda aka ƙirƙira makon jiya, ya cancanci a tsaya a tambaye shi daga ina baƙon nan yake. Umarnin npm explain yana nuna wanda ya janyo kowane ƙunshi, har zuwa tushe.

Kayan gini da kayan ɗaki

Jerin package.json kashi biyu ne. Akwai ƙunshin da ƙarin ke bukata yayin da yake aiki a hannun mutane, akwai kuma wanda ake bukata wajen gini kawai, kamar mai juya TypeScript zuwa JavaScript da mai gudanar da gwaje-gwaje. Na biyun kamar tsani ne da kwanon kwaɓa siminti, ana kwashe su idan an gama. Manhajar vsce, wadda ke naɗe ƙari a cikin fayil ɗin .vsix domin wallafawa, tana ɗaukar kashi na farko ta bar na biyu. Duk ƙunshin da aka rubuta a gurbin da ba nasa ba, ko dai ya bi mutane gida ba dalili, ko kuma ƙarin ya isa gare su da giɓi ya ƙi tashi.

Mataki na gaba shi ne curawa. Maimakon a tura wa mutane dubban ƙananan fayiloli, ana amfani da manhaja irin su esbuild ko webpack ta bi diddigin abin da ƙarin ke kira da gaske, ta cure shi ya zama fayil ɗaya. Ƙarin yakan yi sauƙi, ya fi saurin tashi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke sayen data da kuɗinsa ko yake aiki da tsohuwar kwamfuta. Ni abin da na fi so game da curawa shi ne tana rage abin da zan duba. Kafin kowace wallafa ina buga vsce ls in ga jerin fayilolin da za su fita. Jeri mai layi goma ana iya karanta shi a gane idan wani abu ya shigo da bai kamata ba, mai layi dubu huɗu kuwa sai dai a wuce shi da ido.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka kayan gini ba su da haɗari don ba sa isa ga jama'a. Suna aiki ne a kan kwamfutar da ke riƙe da makullin wallafawa, kuma wanda ya samu wannan makulli zai iya fitar da duk abin da ya ga dama da sunana. Tsarin npm ya ba ƙunshi damar gudanar da umarni a daidai lokacin da ake saka shi, tun kafin a kira shi ko sau ɗaya. Shi ya sa nake kashe wannan dama da --ignore-scripts, in buɗe ta ga 'yan ƙalilan da na san dalilin bukatarsu, kuma matakin da ke wallafawa shi kaɗai ke ganin makullin.

Wanda ke shakkar cewa wurin gini maɓoya ce, ya tuna da xz. Wannan manhajar matse fayiloli ce da ke cikin kusan kowane tsarin Linux, wadda Lasse Collin ya yi shekaru yana kula da ita kusan shi kaɗai. Wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakawa har ya samu amana, sannan ya dasa ƙofar baya a bugu na 5.6.0 da 5.6.1. Ɓangaren da ke kunna ta yana cikin umarnin gini da ke tafe da fayil ɗin da ake rabawa, ba ya cikin rubutun da jama'a ke dubawa a fili. A ƙarshen Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta ta hanyar SSH ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa, ya bi sawu har ya tono ta. Buɗaɗɗen rubutu yana tabbatar da abin da aka rubuta ne kawai. Abin da aka haɗa aka raba kuwa, sai an san yadda aka haɗa shi.

Tsakanin gaggawa da daskarewa

Mai jin waɗannan labarai zai iya cewa a kulle komai a jefar da makulli. Wannan ma hanya ce ta cutar da mutane, domin ana gano ramuka a tsofaffin bugu kullum, kuma ƙarin da ya shekara uku ba a taɓa shi ba yana ɗauke da duk ramukan da aka gano a cikin shekarun. Ita kanta VS Code tana sauyawa a kai a kai. A cikin package.json akwai layin da ke faɗin mafi tsufan bugun manhajar da ƙarin zai yi aiki da shi. In na ɗaga shi da sauri, na yar da masu tsohuwar manhaja, waɗanda wasunsu a ofisoshi suke inda ba su da ikon sabuntawa. In na bar shi a ƙasa har abada, na hana kaina sababbin hanyoyin da suka fi tsaro.

Abin da na zaɓa shi ne sabuntawa a kan lokaci tsayayye, da jinkiri na ganganci. Gyaran da ya shafi rami a cikin abin da ke isa ga mutane ba ya jira. Sauran kuwa ina barin sabon bugu ya kwana biyu a duniya kafin in ɗauka. A watan Satumba na 2025 an yaudari mai kula da chalk da debug, waɗanda ke cikin ƙunshin da aka fi saukewa a npm, da saƙon imel na bogi, aka fitar da gurɓatattun bugu da sunansa. An gano su aka cire a cikin 'yan sa'o'i. Waɗanda abin ya iya taɓawa su ne waɗanda gininsu ke karɓar duk abin da ya fito a take.

Umarnin npm audit yana taimakawa, amma shi ma sai an karanta shi da hankali. Yakan jero gargaɗi masu yawa da jan rubutu, alhali wasu sun shafi kayan gwaji ne da ba sa karɓar saƙo daga kowa. Mai kulawar da ya saba ganin ja kullum zai daina kallonsa, ranar da na gaske ya zo kuma ya wuce shi.

Kafin a buɗe ƙofa

Shawara mafi tasiri ita ce wadda ake yankewa tun kafin a buga umarnin saka ƙunshi. Tambayata ta farko ita ce ko harshen da kansa ya riga ya iya aikin. Abin da left-pad ke yi ya shiga cikin JavaScript tun 2017 da sunan padStart. Mayar da harafi mai lanƙwasa zuwa babba, ƙ zuwa Ƙ, harshen ya san shi ba tare da taimakon kowa ba. Idan aikin layi ashirin ne, na rubuta da kaina in gwada shi. Idan kuwa aiki ne mai sarƙaƙiya, kamar rarrabe rubutun Markdown domin a san ina zance yake ina kod yake, to ɗaukar na waɗanda suka shekara suna gyara shi ya fi, domin nawa zai fito da kurakuran da su suka wuce tuntuni. A nan sai in duba mutum nawa ke kula da shi, yaushe aka taɓa shi na ƙarshe, ƙunshi nawa zai janyo, da kuma irin lasisinsa.

Maganar lasisi tana kai ni ga ɓangaren da ba a cika ambata ba. Lasisin MIT, wanda ya fi yawa a npm, sharaɗi ɗaya ya gindaya: a bar sunan mai haƙƙi da rubutun lasisin a cikin duk kwafin da aka raba. Curawa tana iya share wannan idan ba a kula ba, sai aikin mutum ya narke cikin nawa ba ko ambato. Don haka ginina yana fitar da fayil mai jera duk wanda na ɗauki aikinsa, yana tafiya tare da ƙarin.

Idan aka duba labaran nan, a tsakiyar yawancinsu akwai mutum guda da ya gaji. Tarr ya miƙa ƙunshin da ba ya amfana da shi ga wanda ya nuna sha'awa. Collin ya sha matsin lamba daga masu ƙorafin cewa aiki ba ya sauri. Squires ya bayyana tun 2020 cewa ba zai ci gaba da yi wa manyan kamfanoni aiki kyauta ba. Duniya ta ɗora kaya masu nauyi a kan mutanen da ba ta biya, kuma duk mai ƙaramin ƙari irin nawa yana cikin masu ɗorawar. Shi ya sa idan na samu kuskure a ƙunshin da nake amfani da shi nake aika rahoto cikakke, da gyara idan na iya, cikin lafazin da ba zai ƙara wa mai kulawar gajiya ba. Jerin abin da ƙarina ke ɗauka zuwa ga mutane kuma ina riƙe shi gajere, daidai yadda zan iya faɗin aikin kowane ƙunshi da wanda ke kula da shi idan wani mai amfani ya tambaye ni.